Kibiyar Kabon In Ta Tsage Ba Ta Gyaruwa

A wani ƙauye inda nakan je taron ƙungiyar gama kai, akwai wani saurayi wanda wansa ya aiko masa da baka daga birni, tare da kibau shida baƙaƙe wul, marasa nauyi kamar sillen kara. Irinsu ne ake kira kibiyar kabon. Kowace yamma samari sukan taru a bayan gari suna harbin kututture. Kafin wata biyu, kibau biyu sun ɓace cikin ciyawa, ɗaya kuma ta bugi dutse ta tsage kusa da tsakiya. Yaron ya tambayi kuɗin sabuwa, ya ji abin ya fi ƙarfinsa. Sai ya ɗiga mata sufa gulu, ya naɗe wurin da salatif, ya ɗora a baka. Da ya saki tsirkiya, kibiyar ta karye biyu nan take, rabin baya ya shige hannun da yake riƙe da bakan, tsakanin babban yatsa da manuni. Sau uku ana kai shi asibiti ana tonon sartse. A daminar nan ƙanensa ne ya yi masa noma.

Ra'ayina ke nan, zan kuma faɗe shi a fili tun daga farko. Kibiyar kabon da ta tsage, aikinta ya ƙare, babu gam ɗin da zai mayar da ita. Wanda kuma yake harbi da baka irin na gargajiya, bai kamata ya ci bashi domin ya sayi wata ba, gama kyauro da gora suna nan a bakin rafi.

Bari mu duba yadda ake yin ta, sa'an nan za mu gane dalili. Kabon ɗin nan zare ne siriri ƙwarai, ya fi gashin kai sirantaka sau da yawa. Ana jera dubban zaren nan, a manne su da wani irin ƙaro na masana'anta, a gasa, su zama bututu. Muddin ƙaron yana riƙe da zaren duka tare, bututun yana da ƙarfi na ban mamaki. Amma idan ya sha bugu, ƙaron yakan sake daga ciki, zaren su rabu da juna, alhali daga waje kibiyar tana sheƙi kamar sabuwa. Tsagar da ido ya gani, sau da yawa somin taɓi ce kawai. Gam ɗin da aka ɗiga a bisa ba ya kai inda ɓarnar take. Kibiya kuwa, a daidai lokacin da aka saki tsirkiya, lanƙwashewa take yi kamar maciji kafin ta miƙe ta tafi, kuma tana wannan lanƙwasa ne a kan hannun maharbi. Kibiyar alminiyam in ta ji wuya sai ta tanƙware, kowa ya gani. Ta kabon ba ta tanƙwarewa: ko tana miƙe, ko ta tarwatse. Sartsenta kuma mugu ne, domin yana gutsurewa cikin nama sa'ad da ake jansa, hoton asibiti kuma ba ya nuna shi sosai kamar yadda yake nuna ƙarfe.

Saboda haka wanda yake da ita, ya riƙa gwada ta kafin kowane harbi, balle bayan ta bugi dutse, ko itace, ko wata kibiya. Ka riƙe ta da hannu biyu, kai da gindi, nesa da fuskarka, ka ɗan lanƙwasa ta, ka juya, ka sake lanƙwasawa, har ka kewaye ta sau huɗu ko biyar. Ka kasa kunne. In ka ji ƙas-ƙas, ko ka ji ta yi laushi a wani gefe, shi ke nan. Ka cire ƙarfen kan da robar gindin, gama suna da sauran amfani, ka naɗe bututun da tsumma ka binne shi inda yara ba za su tono ba. Kada a jefa a wuta, kada a goga da zarto ana shaƙar ƙurar. In kuwa ta karye cikin jikin dabba, a yanke naman da yake kewaye da raunin a zubar; masu yin kibau ɗin da kansu haka suke gargaɗi. Na san akwai maharba a ƙasashen waje masu yanke bakin da ya tsage da injin yanka mai gudu, su ci gaba da amfani da sauran. Mu ba mu da injin, kibiyar da ta gajarce kuma tana iya zamewa daga kan baka in an ja sosai, ta soki hannu. Ban ba kowa shawarar wannan ba.

Kada wani ya ce ina ƙin abin zamani ne. Kibiyar kabon tana da kyau a wurinta. Wani Ba'amurke mai suna Doug Easton ya fara yin kibau na katako a 1922, ya koma gwada alminiyam a 1939, kamfaninsa kuma ya shiga haɗa alminiyam da kabon a shekarun 1980. Kibiyarsu mai suna X10 ta fito a wasannin Olimfik na 1996 a Atlanta, har yanzu manyan maharba suna harbi da ita. A can ana harbi ne daga nisan mita 70, ana neman tsakiyar allo wanda faɗinsa duka santimita 122 ne. Mai irin wannan gasa yana bukatar kibau goma sha biyu da suke daidai da juna kamar an zuba su a ma'auni ɗaya, waɗanda raɓa ba ta kumbura su, rana ba ta karkata su. Wannan kabon ne yake bayarwa, kyauro ba zai iya ba. Amma wane ne cikinmu yake wannan gasa? Mai korar birai daga masara, da mai neman zomo ko gafiya da rani, da samari masu wasa a bayan gari, duk a kusa suke harbi, cikin ƙasa mai tsakuwa da kututture, watau daidai inda kabon yake saurin lalacewa. Ga shi kuma da dala ake shigo da ita, kowa ya san abin da ya sami kayan waje tun faɗuwar naira a 2023.

Wasu samari suna ganin kibiyar kara abin kunya ce, ta mutanen da. To, su ji wannan. A Koriya ta Kudu, ƙasar da ta fi kowa cin lambobin harbi a Olimfik, masu harbin gargajiya suna harbi daga nisan mita 145, kibiyarsu ta asali kuwa ta gora ce, har yau kuma akwai masu sana'ar yin ta. A Japan akwai wata siririyar gora wadda sunanta ma gorar kibiya. A kabarin Fir'auna Tutankamun da aka buɗe a Masar a 1922, an sami ɗaruruwan kibau, yawancinsu na kara. Mutanen asali na kudu maso gabashin Amurka, irin su Ceroki, da karan bakin kogi suke yin nasu. Ko a gasar duniya ta yau, a rukunin dogon baka na katako, doka ba ta yarda da kibiyar kabon ba. Abin da kakanninmu suka zaɓa, shi ne abin da maharban duniya suka zaɓa a wurare da yawa inda kara yake tsirowa.

Amma fa zan faɗi gaskiya, kyauro ba kyauta ba ne. Ba a biyansa da kuɗi, ana biyansa da haƙuri. Ana yankan kyauro bayan damina, sa'ad da ya ƙosa ya soma bushewa, kafin wutar daji ta riga mu. Gora kuwa sai wadda ta shekara biyu ko uku; ta bana ruwa ce, za ta motse. A zaɓi siriri wanda bai fi ƙaramin yatsa kauri ba, a yanka da tsawo fiye da bukata. A ɗaure su dami-dami tare da sanda miƙaƙƙiya, a rataye a inuwa, ko a bisa murhu inda hayaƙi zai hana ƙwaro shiga, a bar su wata biyu ko uku. Bayan haka sai miƙarwa. A kanga wurin da ya karkace a bisa garwashi, ba harshen wuta ba, ana juyawa har ya yi zafi ya yi laushi, a miƙar da hannu, a riƙe har ya huce. A bi da hankali a wurin gaɓa, gama nan ne yakan karye. Gefen da ya fi kauri shi ne gaba. Gurbin tsirkiya kuma a yanka shi dab da bayan gaɓa, domin gaɓar ta tare tsaga, sa'an nan a naɗe wurin da jijiya ko zare mai ƙarfi a shafa ƙaro. Haka kuma za a naɗe gaba, inda wutsiyar ƙarfe ta shiga. Wanda ya yi ƙyuya a naɗin nan biyu, zai sha sartsen kara maimakon na kabon, bambancin kaɗan ne.

Akwai abu ɗaya da nake so mu ara daga masu kibiyar kabon, shi ne awo. Dattawanmu da hannu suke jin ƙarfin kyauro, amma yaro mai koyo ba shi da wannan hannu. In kun duba jikin kibiyar kabon za ku ga lamba, 400 ko 500 ko 600. Ga ma'anarta. Ana ɗora kibiya a kan turaku biyu masu nisan inci 28 tsakaninsu, a rataya nauyin giram 880 a tsakiya, a auna yadda ta lanƙwashe. In ta sauka rabin inci, ita ce 500. Ƙaramar lamba, kibiya mai tauri. Babbar lamba, mai laushi. Wannan awo ba ya bukatar inji. Ƙusa biyu a jikin katako, da kwalba da aka zuba wa ruwa ko yashi har ta kai nauyin, da rula ta 'yan makaranta, sun isa. Wanda yake da sauran kibiyar kabon lafiyayya wadda take tafiya daidai a bakansa, ya fara ɗora ta ya yi alama, sa'an nan ya zaɓi karan da suka sauka kusa da alamar. Kara yana da gefe mai tauri da gefe mai laushi, sai a juya shi a nemo mai taurin, shi ne zai jingina da baka. Kada ku yi mamaki in kun yanko hamsin kuka sami goma da suka dace da juna. Sauran za su dace da bakan wani.

Nauyi ma a kula da shi. Ƙa'idar da maharban gargajiya suke bi ita ce, bakan da ƙarfin jansa ya kai laba 40, watau wajen kilo 18, yana son kibiya mai nauyin giram 21 zuwa 26. Ana sanin ƙarfin baka da sikelin rataye irin na kasuwa: a maƙala ƙugiyar a tsirkiya, a ja har inda maharbi yakan ja, a karanta. Kibiyar da ta cika rashin nauyi kamar sakin tsirkiya ne ba kibiya, ƙarfin duka yana komawa cikin bakan, wata rana ya tsage. Tsawonta kuma ya wuce bakan da inci ɗaya ko biyu sa'ad da aka ja iyakar ja.

Kibiyarmu ta gida ba a sa mata gashi, nauyin ƙarfen gaba ne yake riƙe ta ta tafi sak a harbin kusa. Wanda yake son harbin nesa ya manna mata gashin talotalo ko na zabo guda uku, amma duk na fiffike ɗaya, dama ko hagu, kada a gauraya.

In babu kyauro ko gora a yankinku, kafinta yana iya fere katako, da sharaɗin jijiyar itacen ta bi tsawon kibiyar daga kai har gindi. Wadda jijiyarta ta ratsa a karkace za ta karye da tsini, ta yi irin ɓarnar da muka faɗa. Ta alminiyam, in an samu ta hannu, ta fi kabon sauƙin sha'ani, tun da ana ganin laifinta. Ga kashedi guda kuma wanda ba na so a manta. Akwai bakan zamani mai 'yan ƙafafu kamar na inji a bakinsa biyu, wanda wani Ba'amurke, Holless Wilbur Allen, ya sami rajistarsa a 1969. Wannan baka yana fizgar kibiya da ƙarfi ƙwarai. Kada a ɗora masa kara ko katako. Mai irin wannan baka, ko ya sayi kibiyar da aka yi dominsa, ko ya rataye shi.

Me ƙungiya za ta yi? Abin ba shi da yawa. A taro mai zuwa a yarda a bar wani yanki na kyauro a bakin rafi, a share kewayensa kada wuta ta ci. Saiwarsa tana riƙe gaɓar rafi kada ruwa ya zabtare ta, wannan riba ce ta biyu, amma a tsare shi a can, gama in ya shiga gona yana yaɗuwa ta ƙarƙashin ƙasa, fid da shi kuwa aiki ne ja. A roƙi maƙeri ya ƙera kawuna masu nauyi ɗaya, na wasa kuma marasa kunne, ko da daga ƙusa ne. A daina harbin kututture. Buhu cike da ƙaiƙayi ko tsumma ya fi, kibiya kowace iri ce za ta daɗe. A nemi dattijon da har yanzu ya iya naɗin jijiya, a ba shi ɗan goro, ya zauna da samari yamma biyu ko uku cikin watan Janairu sa'ad da aikin gona ya yi sauƙi. Sikelin da ƙungiya take auna hatsi da shi ya isa auna baka, katakon ƙusa biyun nan kuma ana iya kafa shi a jikin bangon ma'aji.