Batirin babur: mun bar jaki muna dukan taiki

Duk mai shagon kayan babur a cikinmu, tun daga Wad Madani zuwa Sinnar, Mai Wurno, Sinja har Damazin, ya san irin wannan ciniki. Mutum zai turo babur ya ce batir ya mutu, a ba shi sabo. Mu miƙa, ya biya, ya tafi. Bayan mako uku sai ga shi ya dawo rai a ɓace, wai mun sayar masa da jabu. Mu rantse, shi ma ya rantse, alhali sau da yawa batirin lafiyarsa lau, abin da ke ba shi caji ne ya lalace. Kuma mu da ke karɓar kuɗin muna da namu kaso na laifin, domin ba mu auna komai ba kafin mu miƙa.

Batir dai kamar randa yake, ba ya haifar da wuta, ajiya kawai yake yi. Mai ɗebo ruwan shi ne koyil ɗin da ke cikin injin, wanda ke ba da wuta idan maganaɗisu yana juyawa a kansa. Daga nan wutar ta bi ta ɗan akwatin nan da makanikai ke kira rektifaya, shi ne ke daidaita ta yadda batir zai iya karɓa. To idan mai ɗebo ruwa ya kwanta, sayen sabuwar randa me zai ƙara?

Gano mai laifin ba ya ɗaukar minti biyar, muddin akwai ƙaramar mitar auna wuta. A kashe babur, a ɗora mita a kan batir. Mai lafiya yakan nuna wajen bolt 12.6, idan kuwa ya gaza 12 to ya sauka sosai. Sai a tayar da injin a ɗan ba shi wuta. Ya kamata lambar ta hau zuwa tsakanin 13.5 da 14.5. Idan ta tsaya inda take, caji ba ya shiga, ko batir goma aka sa haka za su ƙare ɗaya bayan ɗaya. Idan kuma ta haura 15, rektifaya ya daina tare wuta, yana dafa batirin ne. Alamarsa ruwan batir ya riƙa ƙafewa da wuri, ƙwan fitila yana yawan ƙonewa.

Ko a nan ma kada a yi saurin cewa rektifaya ne. A fara da abin da ba ya cin kuɗi: fiyus, kawunan batir da farar tsatsa kan rufe, wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen babur, da kuma mahaɗar wayoyin da ke fitowa daga koyil. Wanda ya san baƙar ƙasar Jazira da damina ya san yadda laka ke shiga ko'ina, kuma mahaɗar da ta sha ruwa takan yi tsatsa, ta yi zafi, har robarta ta narke. Sai an ga waɗannan lafiya sannan a cire mahaɗar a auna koyil shi kaɗai, a juya mitar zuwa AC: wutarsa ta riƙa hawa yayin da ake ƙara wa injin gudu. Idan ba ta motsa ba, koyil ya ƙone.

Wasu za su ce ai fitila tana haske ƙal, saboda haka caji na shiga. Wannan ya yaudari mutane da yawa, domin a ƙananan babura da dama fitilar gaba daga koyil take shan wuta kai tsaye, ba ruwanta da batir.

Akwai kuma abin da zamani ya kawo mana. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, ƙauyuka da yawa sun sha dogon zama babu lantarki, musamman daga Disamba 2023 da Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF zuwa Janairu 2025 da sojoji suka karɓe ta. Waya kuwa ta zama jakar kuɗi, tunda ciniki da yawa ta Bankak ake biya. Sai babur ya koma injin cajin gida. Ba mu ga laifin kowa ba. Amma caja da aka ɗaura kai tsaye a kan batir tana tsotsarsa ko da an zare makulli, kuma ƙaramin koyil ba ya iya mayar da abin da wayoyi biyar suka sha da dare a tafiyar minti goma zuwa gona. A bi da cajar ta makulli, a yi caji lokacin da injin ke aiki. Haka nan zafin bazara da ke wuce maki 40 yana ƙafar da ruwan batir, kuma abin takaici har yanzu ana ƙara masa ruwan kogi ko na rijiya. Tataccen ruwan batir kaɗai ake zubawa.

Mun san abin da za a ce mana: ɗan kasuwa sayarwa ya fito yi, awo aikin makanike ne. To amma mai babur ɗin nan maƙwabcinmu ne, da shi yake kai albasa kasuwa, da shi ake ɗaukar mai naƙuda cikin dare, kuma kuɗin da ya zuba a batirin da bai buƙata daga bakin 'ya'yansa ya cire. Ranar da ya gane, ba zai sake taka ƙofar shagonmu ba, kuma zai faɗa a majalisa.

Shawararmu ita ce kowane shago ya ajiye mita ɗaya, kuɗinta bai kai na batir guda ba, kada batir ya fita sai an auna babur ɗin a gaban mai shi. 'Yan uwanmu masu shigo da kaya ta Gallabat ko daga Port Sudan kuma su rage cika buhu da batura zalla, su haɗo da rektifaya, koyil da fiyus masu kyau, don sau da yawa makanike kan gano cutar amma ya rasa kayan a kasuwa, dole ya sake tura mutum wurinmu sayen batir.