Hitar ruwa: Alhaji, kafin ka karɓi kuɗi ka faɗa wa mai saye gaskiya

Wani zai ce me ya haɗa mutumin Duwala da ruwan zafi, garin da ko da tsakar dare gumi ake yi? Wanda ya faɗi haka bai kwana a New Bell cikin watan Yuli ko Agusta ba, lokacin da ruwan sama ke wuni ya kwana bai ɗauke ba, dattijo ya tashi alwalar asuba ya ji ruwan randa kamar daga firji aka fito da shi. Kuma bai san gidan Bahaushe ba. Duk gidan da aka yi haihuwa, kwana arba'in ake yi ana wankan jego safe da yamma, ko a Kano ne ko a bakin kogin Wuri. A da, itace da babbar tukunya ne ke wannan aiki. Yanzu a gidajen haya da yawa babu filin hura wuta, itace da gawayi sun yi tsada, don haka mata suka koma wa hita. Masu hali sun kafa mai tanki a banɗaki, wadda masu Faransanci ke kira shofo, talaka kuwa ya sayi 'yar ƙaramar nan da ake tsomawa a bokiti.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana a wannan shafi shi ne, kusan duk hitar da ke gidajenmu ta hannunku ta bi, ya ku 'yan uwana 'yan kasuwa. Wata ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala ta shiga kasuwar Mboppi, daga nan ta hau mota zuwa Ngaundare da Garwa da Marwa har Kuseri. Wata kuma ta ƙetaro daga Nijeriya ta Ekok ko Banki ko Gamboru. Ra'ayina a taƙaice shi ne, wanda ya sayar da hita bai yi wa mai saye bayanin haɗarinta ba, bai gama ciniki ba, ko da kuɗin sun shiga aljihunsa.

A damunar da ta wuce, wata maƙwabciyarmu da ke jego ta aiki ƙanwarta, yarinya 'yar shekara goma sha biyu, ta duba ko ruwan bokiti ya yi zafi. Yarinya ta yi abin da kowa zai yi, ta tsoma yatsa. Allah Ya yi da sauran kwananta, wuta ta jefar da ita gefe, ta tashi da hannu a sandare. Da na karɓi hitar na duba, sai na ga robar da ke rufe kanta ta tsage, wayar tana taɓa ruwa. Na tambayi mai gidan ko wanda ya sayar masa ya ce kada a taɓa ruwan sai an zare fulogi. Ya ce abin da kawai aka gaya masa shi ne, in ta ƙone ba a dawowa da ita.

Da na kawo zancen a shirinmu na rediyo, wani ɗan kasuwa ya bugo waya ya ce, "Malam, mu fa kaya muke sayarwa, ba makaranta muka buɗe ba. Mai sayar da wuƙa yana koya wa mutum yanka ne?" Na ce masa, "Alhaji, kowa ya san kaifin wuƙa tun yana goye. Wutar lantarki kuwa ba a ganinta, sai ta kama mutum yake sanin tana nan." Bai gamsu ba, amma mun rabu lafiya.

Bari in fara da abin da ya fi shafar masu kasuwancin kan iyaka, wato maganar fulogi. Nijeriya ta gaji tsarin Ingila, fuloginta mai ƙafa uku ne masu faɗi, kuma akwai fis a cikinsa. Kamaru da Nijar da Chadi sun gaji tsarin Faransa, mai ƙafa biyu zagayayyu. Ƙarfin wutar kusan ɗaya ne, 220 zuwa 230, don haka kayan can suna aiki a nan. Matsalar ita ce waccan doguwar ƙafa ta sama, wadda mutanenmu ke ɗauka ado ce. Ita ce wayar ƙasa. Aikinta shi ne, idan wuta ta ɓalle ta shiga jikin ƙarfen na'ura, ta bi ta cikinta ta sauka ƙasa maimakon ta bi ta jikin mutum. To me muke yi idan kaya ya ƙetaro? Ko mu sa ɗan adafta na araha wanda ba ya haɗa wannan ƙafa da komai, ko mu yanke fulogin gaba ɗaya mu cusa waya biyu tsirara cikin soket, mu tokare da tsinken ashana. A rediyo ko fitila wataƙila a tsira. A na'urar da aikinta ke cikin ruwa, kuma mai amfani da ita yana tsaye ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti, wannan wasa da rai ne.

Sai maganar waya. Hita mai ƙarfin wat 2000 tana jan wuta sama da amfiya 9. Siriyar wayar nan da ake haɗa ƙwan fitila da ita ba ta ɗaukar wannan nauyi, haka ma yawancin dogayen soket ɗin da ake jona talabijin da cajar waya. Wayar za ta yi zafi, robar ta narke a hankali, wata rana ta kama. Hita mai tanki tana son layinta ita kaɗai tun daga akwatin wuta, da waya mai kauri milimita 2.5, da na'urar katse wuta tata. Duk wanda ya san yadda gidajen katako suke manne da juna a lungunan New Bell ya san gobarar ɗaki ɗaya ba ta tsayawa a ɗaki ɗaya. Waɗanda suka ga abin da wuta ta yi wa kasuwar Kongo a nan Duwala cikin 2019, ko kasuwar Sabon Gari ta Kano cikin 2016, ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani. Ban ce hita ce ta jawo waɗannan ba. Na ce ne mu da muka ga toka da idonmu bai kamata mu riƙa raba wa mutane abin da zai haifar da irinta ba.

Akwai wata 'yar na'ura da nake ganin ya kamata duk mai sayar da hita ya ajiye ta a kan teburi ɗaya da hitar. Ita ce mai katse wuta idan ta ji ta ɓalle, wadda aka rubuta 30 mA a jikinta. Da zarar wuta kaɗan ta fara bin hanyar da ba tata ba, kamar jikin mutum, sai ta yanke layin nan take. Tana da ɗan maɓalli na gwaji, wanda ake dannawa lokaci-lokaci a tabbatar tana aiki. Mutane na zaton babbar na'urar da ke kusa da mita ta wadatar, alhali ita yawanci layi take karewa daga nauyi, ba a yi ta don ceton wanda ke cikin banɗaki ba. Ga riba ga lada, amma sau nawa ka ji an tallata ta?

Yanzu ga abin da ke jawo rigima tsakaninku da masu saye, wato hitar da ta mutu bayan wata biyu. Ni kaina na yi wannan rigima, kuma ni ne marar gaskiya. An ɗauke ruwan famfo a unguwarmu kwana biyu, iyali suka yi ta buɗe famfon zafi har tankin ya zube, wuta kuma tana kunne. Ƙarfen da ke zafafa ruwan an yi shi ne ya zauna cikin ruwa. Idan ya yi aiki a bushe, cikin ɗan lokaci yake ƙonewa. Na ɗauki hitar na koma shago ina faɗa, sai wani tsohon mai gyaran famfo ya zaunar da ni ya nuna mini laifina. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ruwa ya ɗauke, a kashe hita. Idan ya dawo, a buɗe famfon zafi a bar shi yana tari yana fitar da iska har ruwa ya zubo sosai ba yankewa, sannan a kunna. A garin da ɗauke ruwa ba baƙon abu ba ne, tun zamanin SNEC har zuwa Camwater, wannan jimla guda za ta rage muku rabin kayan da ake dawo muku da su.

Wani abin kuma shi ne ɗigar ruwa. A ƙarƙashin tanki, inda ruwan sanyi ke shiga, akwai bawul na tsaro, wanda a tsarin Faransa aka saita shi ya buɗe idan matsi ya kai ba 7. Ruwa idan ya yi zafi kumbura yake yi, don haka ɗan ɗigowa yayin da hita ke aiki ba lalacewa ba ce, aikinsa ke nan. Amma sai ka ga mai gida ya kira yaron unguwa ya toshe wurin da ƙusa ko roba don kada ƙasa ta jiƙe. Ranar da ma'aunin zafin ya ƙi yanke wuta, ruwa ya tafasa ba shi da mafita, tankin na iya fashewa da ƙarfin da zai rusa bango. Abin da ya dace shi ne a sa masa bututu ya zuba a magudana, kuma sau ɗaya a wata a murɗa hannunsa ruwa ya fita don kada datti ya daskarar da shi. In kuwa yana zuba dare da rana ko hita na kashe, to ko matsin ruwan gidan ya yi yawa, ko bawul ɗin ya gaji, a sauya shi.

Sauran cututtukan hita ba su da wuyar ganewa. Idan ba zafi ko kaɗan, a fara duba na'urar katse wuta, sannan mai gyara ya duba ɗan maɓallin tsaro da ke jikin ma'aunin zafi kafin a yanke hukuncin cewa ƙarfen ya ƙone. Idan tana ƙara kamar tukunyar dambu kuma tana daɗewa kafin ta yi zafi, farin datti ne ya lulluɓe ƙarfen, a zubar da ruwan a wanke. Idan ruwa ya fara fitowa ja, tsatsa ta kama tankin. A cikin yawancin tankuna akwai wata sanda ta magniziyam da aka sa musamman don ruwa ya cinye ta a maimakon jikin tankin. Idan ta ƙare ba a sauya ba, sai ruwan ya juya kan tankin. A duba ta duk shekara ɗaya ko biyu, musamman masu amfani da rijiya ko burtsatse. Na zaga shaguna da dama ina neman wannan sanda, wasu masu shagon ba su ma taɓa jin labarinta ba, alhali sun shekara goma suna sayar da tankin da take ciki. Amma alama guda ce ba a jira da ita: idan ka taɓa famfo ka ji yana ɗan cizo, kashe layin daga akwati, kada kowa ya shiga wanka sai mai gyaran wuta ya zo.

Zafin kansa a tsayar da shi tsakanin digiri 55 zuwa 60. Ƙasa da haka wata ƙwayar cuta mai kama huhu tana iya hayayyafa a cikin tanki, irin wadda aka fara ganowa bayan ta kashe mutane a wani otal a birnin Filadelfiya na Amurka cikin 1976. Sama da haka kuwa ɓarnar wuta ce, kuma fatar jariri ba ta jure abin da hannun unguwarzoma ke jurewa. Ko a 60 ɗin ma sai an sirka.

Masu kai kaya arewa, inda hunturu ke shiga ƙashi, su ƙara kula da hita mai aiki da gas. Ita hayaƙinta ba shi da wari ba shi da launi. A ƙasar Aljeriya duk lokacin sanyi sai hukumar agajin gaggawa ta ba da labarin iyalan da aka tarar sun mutu a gida saboda irin wannan iska. Ba a kafa ta cikin rufaffen banɗaki, sai inda iska ke shiga, da bututun da zai fitar da hayaƙin waje. Daidai take da kaskon gawayin da ake kwana da shi a ɗaki an rufe taga.

Na san abin da za a ce mini, kuma akwai gaskiya a ciki. Mai saye araha yake nema, in ka tsaya yi masa wa'azi sai ya wuce shagon gaba. Yawancin mutanenmu haya suke yi, kuma gidajen da yawa ba a ja musu wayar ƙasa ba tun farko, ɗan haya kuwa ba zai fasa bangon wani ba. Haka ne. Masu gidaje suna da nasu kaso na laifi, hukumar kula da ingancin kaya ta ANOR da aka kafa a 2009 da takwararta SON ta Nijeriya su ma suna da nasu, domin hitar bokitin da robarta ke tsagewa cikin wata guda ba daga sama ta faɗo kasuwa ba. Amma mai gida ba ya nan lokacin ciniki, jami'in hukuma ma ba ya nan. Kai ne kaɗai ke tsaye gaban wannan mutum a daidai lokacin da zai ɗauki abin ya kai wa matarsa da 'ya'yansa. Kuma a addininmu an hana ɓoye aibin kaya, ban ga dalilin da zai sa ɓoye haɗarinsa ya zama halal ba.

Ba ina cewa ku daina sayar da hitar bokiti ba, domin ita talaka ke iya saye. Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, daga Mboppi da kasuwar Kongo har Kuseri, su sa a buga 'yar takarda da Hausa da Fulatanci da Faransanci, har da ajami saboda dattawa, a riƙa liƙa ta a jikin kowane kwali. Layi huɗu sun isa: a tsoma ta cikin ruwa kafin a jona, a zare fulogi kafin a taɓa ruwan, kada a bar ta ta taɓa jikin bokitin roba, kada a aiki yaro ya duba. Kuɗin buga takarda ɗari bai kai ribar hita biyu ba. Duk ƙungiyar da ta shirya, ta kawo mana rubutun gidan rediyo, za mu karanta shi a shirin safe ba tare da karɓar ko dala ba.