Kafin ka sauke motarka ƙasa, tambayi ƙarfin sifirin

Samarinmu na zango sun shiga yayin sauke mota ƙasa, wai don ta yi kyau. Ban ƙi ba, amma abin da nake ƙi shi ne a datse sifirin da injin yanka, ko a gasa shi da wuta. Gashi yana kashe ƙarfin ƙarfen, ba gyara.

Ga lissafin. Idan ka sauke mota milimita 40, ka cinye milimita 40 daga filin da taya ke motsawa. Sifirin mai ƙarfin kilo 3 a kowace milimita, in aka ƙara masa kilo 90 na fasinja da kaya, zai nutse milimita 30. Mai kilo 5 kuwa 18 kawai zai nutse. Shi ya sa motar da aka sauke take bukatar sifirin da ya fi na kamfani tauri.

Amma fa kar a wuce gona da iri. A titin gargada, sifirin mai tsananin tauri yana sa taya tsalle, birki ya rasa kamu. Ni dai a ganina milimita 30 ta isa. In ka je Abossey Okai ko Suame Magazine, sayi sifirin tare da shokafzoba da ta dace da shi.