Tanko da Kande Ba Sunayen Kunya Ba Ne

Kwanakin baya muka leƙa rajistar wani ajin firamare a Musawa, sai ga su Amal, Hanan, Nur da Iman sun cika shafi. Gajeru ne, masu daɗi a baki, kuma ma'anarsu kyakkyawa ce a Larabci: Amal fata ce ko buri, Hanan tausayi, Nur haske. Ba mu da ja a nan.

Abin da ya dame mu shi ne yadda ake yi wa ɗan Tanko guda ɗaya da ke ajin dariya, wai sunansa na ƙauye ne. Alhali sunan nan labari yake bayarwa. Tanko shi ne namijin da aka haifa bayan mata, Kande kuwa macen da ta biyo bayan maza. Gambo ya zo bayan tagwaye, Auta ya rufe ƙofa. Mu da ke ƙasar noma, daga Malumfashi har Funtua, muna da namu na musamman: Nomau an haife shi ana tsakiyar aikin gona, Marka ta zo lokacin da ruwa ke sauka ba ƙaƙƙautawa, Anaruwa ma sunansa ya faɗi kansa. Kafin zuwan takardar haihuwa, da irin waɗannan ake tuna lokacin da mutum ya zo duniya. Haka su Ladi, Talatu, Lami da Jummai, kowace ranarta take ɗauke da ita.

Wasu kuma sunan yanka ne bakin Bahaushe ya sassaƙe. Audu daga Abdullahi, Iro daga Ibrahim, Dije daga Hadiza. Mamman Shata, wanda aka haifa a nan Musawa ya rasu a 1999, Muhammadu ne sunansa na yanka, amma da Mamman duniya ta san shi. Akwai kuma na alkunya. Matar da aka sa wa ɗanta sunan surukinta ba za ta iya kiransa gatsal ba, sai ta ce Abba ko Baba. Tambayi duk Abban da ka sani, da wuya ka ji shi ne sunan da liman ya raɗa masa ranar suna.

To, nan ne fa ɗalibai ke shiga tsaka mai wuya. Tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar NIN. Idan Garba aka rubuta maka a takardar firamare, Abubakar a katin ɗan ƙasa, kwamfuta ba ta san mutum ɗaya ba ne. Gyaran kuwa yana cin kuɗi da zirga-zirga, wani har lokacin rajista ya wuce shi. 'Yan aji uku na babbar sakandare, ku fito da takardunku tun yanzu ku jera su, ku duba harafi bayan harafi.

Mako mai zuwa za mu taɓo su Ajuji da Bawa, sunayen da ake sa wa 'ya'yan wabi.