Dainoso Ba Tatsuniyar Turawa Ba Ce

Duk majalisar da aka ambaci dainoso a yankin Batsari da Safana, ba a rasa mai cewa ƙaryar fim ce, wai Turawa ne suka zana ƙadangare suka ja masa wuya don ruɗin yara. Har da 'yan boko a masu wannan magana, su ne ma suka fi ba ni haushi. Hujjarsu ba ta wuce ɗaya: wace dabba ce za ta ɗauki wuya mai tsawon mita 15 bai karye ba?

Tambayar ba ta da laifi, ƙyuyar neman amsa ce abin zargi.

A tsaya gaban mahauci a nan Darini in yana daddatsa wuyan rago, a ƙirga gaɓoɓin ƙashin: bakwai ne. Na sa bakwai, na raƙumi bakwai, naka ma bakwai. Raƙumin dawan Kure, kusa da Yamai, shi ma bakwai gare shi, miƙewa kawai kowace ta yi, shi ya sa da ƙyar wuyansa ke kai mita biyu da rabi. Kusan duk dabba mai shayarwa a nan ta tsaya.

Dainoso masu dogon wuya ba su tsaya nan ba. Mamenchisaurus da aka tono a ƙasar Sin gaɓa 18 zuwa 19 gare shi, kowace kuma doguwa. Cikin ƙashin kogo-kogo ne da iska ke cikewa, irin ƙashin kaza, don haka ga tsawo babu nauyi. Kan ɗan mitsitsi ne, domin dabbar ba ta tauna, tsinkar ganye take ta haɗiye. Ina abin mamaki don irin wannan wuya ya tsayu?

To, a bar ƙasar Sin, a leƙa maƙwabta. A 1997 ayarin Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya tono wata ƙatuwar dainoso kusa da Ingal a jihar Agadas. Abzinawa sun daɗe da sanin ƙasusuwan, suna danganta su da wani dodo, Jobar, daga nan aka raɗa mata Jobaria a 1999. Gaɓoɓin wuyanta 12 ne kacal, gajeru. A Gadufawa kuma, can a jihar Agadas ɗin, aka sami Nigersaurus: gaɓa 13, gajeren wuya, faffaɗan baki mai haƙora sama da 500, yana kiwo kansa a ƙasa. Da ƙirƙira ake yi, wa zai ƙirƙiro wanda zai ɓata masa zanen da ya saba sayarwa?

Wani zai ce me ya hana mu tsinci irin ƙasusuwan nan a gonakinmu. Duwatsun da suka kewaye Batsari daskararren narkakken dutse ne, ba ya riƙe ƙashi. Sai inda laka da yashin tsofaffin koguna suka binne gawa, kuma irin wannan ƙasa ce a Agadas.

Malaman makarantunmu nake wa magana musamman. Ku daina ɗaga kafaɗa in yaro ya tambaya. Ku sa shi ya ƙirga ƙashin wuyan ragon layya, sannan ku gaya masa na Jobaria. Mai gardama kuwa, ƙasusuwan dainoso suna nan a gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, ya je ya gani da idonsa.