Silinda 12, Ina Zuwa?

Akwai wata cuta da ta kama masu hannu da shuni a ƙasar nan, wadda ba a cika maganarta ba domin masu fama da ita su ne manyan baƙi a kowane taro. Cutar kuwa ita ce, idan mutum ya tashi sayen motar alfarma, irin su Marsandi S-Class ko BMW 7, sai ya ce da dillali a kawo masa "ta ƙarshe", wato mai injin da ya fi kowanne girma, kuma duk wata na'ura da kamfani ya ƙirƙiro a liƙa masa, kada a bar ko ɗaya. Ba ruwansa da abin da injin ke sha, balle wanda zai gyara shi ranar da ya yi tari. Ni dai a wurina wannan sakarci ne mai tsada, kuma ga hujjojina. Wanda yake da ja ya ɗauko alƙalami.

Mu fara da inji. A jerin S-Class da aka fito da shi a 2020, akwai S 500 mai silinda 6 da ƙarfin doki 435, akwai S 580 mai silinda 8, sannan can ƙoli akwai Maybach S 680 mai silinda 12 da ƙarfin doki 612. Mai karatu zai zaci tsakanin ta farko da ta ƙarshe kamar tsakanin jaki da ingarma ne. To ba haka ba ne. Idan suka tashi daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 a awa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba, kuma dukkansu kamfanin ya sa masu linzami, ba sa wuce kilomita 250 a awa. Mu kuwa dokar babbar hanya a Nijeriya kilomita 100 ta yarda wa ƙaramar mota. Kai, mai motar ma a baya yake zaune yana duba waya, direba ne ke jan ta taku-taku a cunkoson Nyanya da Mararraba. Shin dawakin nan 612, a ina za a yi sukuwa da su?

Sai batun abin da za ta sha. Waɗannan injina an ƙera su ne don fetur mai darajar oktan 95 ko fiye, abin da fetur ɗin gidajen manmu bai cika kaiwa ba. Idan kwamfutar injin ta ji man bai kai ba, sai ta rage wa injin ƙarfi don kada ya illata kansa. Ashe ke nan Alhaji ya biya kuɗin dawakin da ba zai taɓa hawa ba. Ba mu manta da watan Fabrairu na 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, ya lalata motocin jama'a. Ba mu kuma manta ranar 29 ga Mayu, 2023 ba, da aka janye tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haye naira 1,000 a cikin 2024. Silinda 12 baki 12 ne, kuma kowane baki sai an ba shi.

Wani zai ce to a koma ga mai shan dizal, tunda ta fi tattali. Nan ma sai an yi hattara, domin kuwa injin dizal na Turai yana da matatar hayaƙi da wani ruwa da ake zuba masa mai suna AdBlue, kuma an tsara shi ne don tsabtataccen dizal mai ƙarancin farar wuta irin wanda dokar Turai ta wajabta. Ranar da aka ɗura masa gurɓatacce, matatar ta toshe, mota ta koma tafiyar hawainiya. Haka kuma mai haɗa fetur da lantarki, irin S 580 e wadda ke iya tafiyar kusan kilomita 100 da batir kaɗai, alheri ce ga wanda yake da tabbatacciyar wuta a gida. Wanda kuwa zai kunna janareto mai shan dizal don ya yi cajin motar da ya saya saboda tattalin mai, wannan an gudu ne ba a tsira ba.

Kada a ɗauka ina gaba da fasaha. Ko kusa. A S-Class ne aka sa birkin da ba ya maƙale taya a 1978, aka sa jakar iska mai tare ƙirjin direba a 1981, aka kuma sa na'urar hana mota zamewa a kwana a 1995. Waɗannan sun ceci rayukan da Allah kaɗai Ya san adadinsu, kuma yau har ƙananan motoci suna da su. Irin wannan fasaha kowa ya samu ya biya. Abin da nake suka shi ne tarkacen da aka yi don wata ƙasa da wani yanayi, mu kuma muke kwasowa ido rufe.

Ɗauki na'urar da ke riƙe mota a tsakiyar layinta. Da ido take aiki, tana bin farin fentin da aka ja a kan kwalta. Hanyoyinmu nawa ne ke da fentin? Ko tsarin Drive Pilot da Jamus ta amince da shi a ƙarshen 2021, wanda ke barin mota ta tuƙa kanta: an ƙayyade masa wasu manyan hanyoyin Jamus ne, daga baya da wasu na Kalifoniya da Nebada a Amurka. Da ka fita daga can ya zama ado. Ga rufin gilashi, wanda aka yi don Baturen da ke marmarin rana, sai ga mutumin Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke wuce digiri 40, ya biya ƙarin kuɗi don a buɗe wa rana ƙofa a tsakar kansa. Ga kuma wili mai inci 21 da siririyar taya, kyan ɗan maciji, wanda ramin farko a hanya zai lanƙwasa, alhali mai inci 18 ko 19 ya fi laushi, ya fi juriya, ya fi araha.

Mafi haɗari shi ne babban allon nan na gaban direba da ya haɗiye maɓallai. A da, hannu ya san inda maɓallin sanyi yake ko da a duhu. Yanzu sai direba ya ɗauke ido daga hanya yana dangwale-dangwale, a ƙasar da ɗan acaɓa da akuya da mai baro ke faɗowa titi ba sallama. Su kansu Turawan sun farga, shi ya sa hukumar Euro NCAP mai auna amincin motoci ta sanar cewa daga 2026 za ta riƙa rage wa mota maki idan babu maɓallin hannu na irin su hon da sigina da waifa.

Sannan ga babbar tambaya: motar ma taka ce? A 2022 kamfanin BMW ya fara karɓar kuɗin wata-wata a wasu ƙasashe kafin ya kunna wa mutum ɗumamar kujerar da ke cikin motarsa, sai da jama'a suka yi caa ya janye a 2023. A wannan shekara ta 2022 Marsandi ta nemi dala 1,200 a shekara a Amurka don ta saki cikakken ƙarfin wasu motocinta na lantarki. Wato ka sayi gida, amma maƙulin ɗakin tsakiya yana hannun magini, kuma maginin yana Jamus.

Na san amsar da za a ba ni: kuɗinsa ne, ina ruwanka? Da ruwana. Mai kuɗin zai hau ta shekara uku ya gaji, ya sayar. Wanda zai gaje ta shi ne ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya tara guminsa yana son a gan shi, shi ne ranar da jakar iskar ƙafa ta huje zai wayi gari ya tarar motar ta durƙusa kamar raƙumi. Makanikin unguwa, wanda ya ƙware a kan Fijo 504 da tsohuwar Marsandi da kunne da sifana, zai ce sai an jona kwamfuta, kayan gyara kuma sai an yi oda da dala. Ku leƙa garejojin garuruwanmu ku ga irinsu lulluɓe da tamfol, ƙura ta yi masu rawani. Dukiyar ƙasa ce ta kwanta a wurin, bayan an fitar da kuɗin waje an sayo ta. Tsohuwar Marsandi ƙirar 1976 zuwa 1986 kuwa, wadda ba ta da allo ko ɗaya, har yau ana cin karo da ita tana aiki.

Saboda haka ga wanda Allah Ya hore wa, shawarata ita ce kafin ya je wurin dillali ya fara zuwa wurin makaniki, ya tambaye shi wane inji ya sani, wanne ne kayansa ke samuwa a gari. Ya ɗauki mai silinda 6, ya ishe shi har ya yi saura. Ya biya kuɗin duk abin da ke kare rai, da fitila mai kyau, da sanyi mai ƙarfi, da taya mai kauri. Duk na'urar da ba za ta yi aiki ba sai da izinin wani kamfani a ƙetare, ya bar masu abinsu. Idan dillali ya ce ai Alhaji wane ta ƙarshe ya ɗauka, a tuna masa cewa wanda ya hau motar kwaɗayi a tashar wulaƙanci yake sauka.

Allah Ya ba mu wadatar zuci, Ya kai mu gida lafiya, amin.