An Sa Kwaɗo a Ƙofa, An Bar Taga a Buɗe

Ruwayar tarihi ta ce maƙera daga Gaya ne suka fara sauka gindin Dala neman tama, har Kano ta kafu. Jikokinsu yanzu sun shiga kasuwar da ba ta da rumfa. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, mai riɗi a Ajingi da mai hula a Gaya suka saba karɓar kuɗi ta waya, kuma mai son faɗaɗa ciniki yakan nemi wanda zai gina masa kanti a intanet. Da waɗannan magina nake.

In ka tambayi magini batun tsaro, sai ya nuna maka https a farkon adireshin kanti, alamar cewa abin da ke wucewa tsakanin wayarka da sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da kantin, a lulluɓe yake. Gaskiya ne. Sai dai sabar kullum tana ƙera wasu adireshin da kanta: na rasit, na sauya kalmar sirri, na inda kamfani irin Paystack zai mayar da mai saye bayan ya biya. A nan sakacin yake.

Na farko, a rubuta http tsirara cikin manhaja, ko sabar da ke bayan Cloudflare ta ɗauka buƙatar ta zo mata ba lulluɓi, ita ma ta fitar da adireshi marar lulluɓi. Na biyu, a bar sabar ta ɗauki sunan kanti daga bakin mai buƙata. Ɓarawo ya nemi sauya kalmar sirrin wani, ya cusa sunan shafinsa, kanti da hannunsa ya aika wa mai saye hanyar gidan ɓarawo. Na uku, a jera lambobin rasit: naka 1041 ne, ka mayar da shi 1042, sai ga sunan wata baiwar Allah da lambar wayarta da unguwarsu.

Maganinsu sananne ne. A rubuta cikakken adireshin kanti sau ɗaya cikin saitin sabar, kowane adireshi ya tsiro daga gare shi. A kunna HSTS, ƙa'idar da aka tabbatar tun 2012, wadda ke hana burauza komawa http. A ba kowane rasit doguwar lamba da ba a iya cinka, a tantance mai nema kafin a nuna masa, adireshin sauya kalmar sirri kuma ya mutu bayan ɗan lokaci.

Za a ce kanti ƙarami ne, wa zai leƙo Ajingi? Manhajojin ɓarayi suna bin adireshi ɗaya bayan ɗaya, ba su san birni ba, ba su san ƙauye ba. Kuma ɗan damfarar da ya san sunanki da abin da kika saya jiya, in ya kira ya ce kuɗinki bai shiga ba, da wuya ki musa masa. A garin da kowa ya san kowa, fallasar lambar matar aure ta fi asarar kuɗi ciwo.

Za a ce tsada. Tun 2015 Let's Encrypt ke ba da takardar shaidar https kyauta, ana sabunta ta ba da sa hannun kowa ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 kuwa ta ɗora wa mai tara bayanan mutane alhakin tsare su.

Na yarda https ba shaidar amana ba ce. Shafin ɗan damfara ma yana samunta, shi ya sa Chrome ya cire hoton kwaɗo a 2023. Wannan ƙarin nauyi ne a wuyan magini.

Kai kuma ɗan kasuwa, kafin ka biya cikon kuɗin aiki, fita daga asusunka, buɗe rasit ɗaya, ka sauya lambar ƙarshe. In rasit ɗin wani ya fito, riƙe kuɗinka har a gyara.